3.4 Tallafin Gaggawa Ga Manoma A Anka Da Gummi Da Bukkuyum

Abin da ake nufi da tallafin gaggawa shi ne kuɗi ko kaya da gwamnati kan bai wa manomi bayan wani bala'i ya auka wa gonarsa, ba tare da an nemi ya biya ba. Ta nan ya bambanta da rance, irin na shirin noman shinkafa da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Jihar Kabi a shekarar 2015, wanda ake biya da kaka. A matakin tarayya, hukumar NEMA wadda aka kafa a 1999 ita ke riƙe da wannan aiki, sannan jihohi suna da nasu hukumomin.

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, Gulbin Zamfara ya ratsa wannan yanki, kuma fadamarsa ce ke ba da shinkafa, yayin da ake noma gero da dawa da wake a jigawa. Gulbin da ke ciyar da su shi ne kuma kan ci amfaninsu. Bayan ambaliyar 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar Naira biliyan 17.6 a watan Oktoba, aka kasa jihohi gida huɗu, Zamfara ta faɗo cikin rukunin ƙarshe mai Naira miliyan 250. Haka kuma a watan Agusta na 2024 ruwa ya ci gidaje da gonaki a Gummi, Gwamna Dauda Lawal ya je jaje, gwamnatin tarayya kuma ta ware wa kowace jiha Naira biliyan 3.

Sai dai muhimmin abu a nan shi ne lokaci. Ambaliya takan zo ne cikin Agusta ko Satumba, lokacin da manomi ya riga ya zuba iri da taki da kuɗin ƙwadago, rumbu kuma ya yi ƙasa. Kafin a kafa kwamiti, a ɗauki sunaye ta hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai, a kai Gusau a tantance, damina ta wuce. Manomin da bai iya jira ba ya riga ya sayar da akuya ko ya ci bashin hatsi da zai biya ninki. Idan tallafin ya iso kafin noman rani, musamman in iri ne da taki da injin ban-ruwa, yakan mayar da mutum fadama. Idan ya wuce haka, ya zama ihu bayan hari.

Wata matsalar ita ce ta ƙidaya. Rusasshen ɗaki ana ganinsa, amma gonar da ruwa ya kwanta a kai sai an je daji, zuwa daji kuwa a wannan yanki ya zama kasada saboda 'yan bindiga. Wanda ya yi noma a gonar aro ko ta jingina sau da yawa sunan mai gona ake rubutawa, ba nasa ba. Su kuwa waɗanda suka baro ƙauyukansu suka taru a garin Anka, akan lissafa su cikin 'yan gudun hijira, a ba su abinci da tabarmi, alhali manoma ne da suka rasa damina sukutum ba tare da ruwa ya taɓa gonakinsu ba.