Me ke hana kwafin bayanai shiga faifan waje?

Ofisoshi da dama na kwafe bayanan babbar kwamfutarsu, wato saba, zuwa faifan da ake jonawa ta USB. In kwafin ya gaza, sau da yawa manhajar da ke kwafin ba ta da laifi.

A fara duba harafin faifan. A Windows, wanda yake E: jiya zai iya zama F: yau in an jona wani abu kafin shi, manhaja kuwa tana can tana neman E:. A sa masa harafi na dindindin. A Linux abin ya fi muni: in faifan bai hau ba, wato bai haɗu da sabar ba, kwafin na iya zubewa shiru cikin faifan sabar har ya cika shi taf. Maganinsa a kira faifan da lambarsa ta UUID, a kuma sa aikin ya tabbatar ya hau kafin ya fara.

In kwafin kan tsaya a gigabait 4, tsarin FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil da ya wuce haka. A mayar da faifan NTFS, amma a kwashe abin da ke ciki tukuna.

In kwafin kan katse tsakar dare kuwa, a binciki wayar USB da ɗaukewar wuta.