Fijo: Motar Sarakuna Daga Gidan Maƙeran Zarto

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Zugu kafin 1990 ya san darajar Peugeot, wadda mu ke kira Fijo. In 504 ta tsaya a ƙofar gida a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, ba sai an faɗa ba, babban baƙo ya sauka. Yawancinsu daga Kakuri ta Kaduna su ke, inda Janar Yakubu Gowon ya buɗe ma'aikatar haɗa su a 1975. Amma asalin motar ba birni ba ne.

A gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan, akwai wani ɗan gari, Hérimoncourt. A nan ne a 1810 wa da ƙane, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mai da wurin niƙan hatsi na gidansu ya zama maƙera. Zarto su ke yi, daga baya suka ƙara da ƙarafan lema da abin niƙan gahawa. Zakin nan da ke goshin motar ma don zarto aka zana shi, watau haƙoransa kamar na zaki, aka yi masa rajista a 1858. Mutanen gidan kuwa masu bi ne, a yankin da ekklesiyar Lutheran ta kafu, irin ta 'yan'uwanmu na Numan.

Jikokin Jean-Pierre biyu suka gaji aikin, Eugène da Armand, 'ya'yan wa da ƙane. Armand ya kawo ƙirar keke a 1882, aka sami riba, ba wanda ya yi gunaguni. Sai ya ɗora da mota. A 1889 ya nuna mai ƙafa uku mai aiki da tururi a Faris, a 1890 ya koma injin fetur na Daimler. A lokacin mota ba abin talaka ba ce, sai masu sarauta da manyan attajirai. A 1892 gidan ya ƙera guda ɗaya tak ta musamman, da adon furanni a jikinta, domin Sarkin Tunis.

Nan fa aka rabu. Eugène ya ga zarto da keke kowa na saye, don me za a zuba dukiyar gida cikin abin wasan masu kuɗi? Ba za mu ga laifinsa ba, gama abincin ɗaruruwan ma'aikata na wuyansa, wanda ke riƙe da rumbun gandu kuwa ba ya caca da iri. Armand ya ƙi ji. A 1896 ya ware ya kafa nasa kamfani, ya gina ma'aikata a Audincourt, 'yar tafiya kaɗan daga gida. Suna ɗaya, jini ɗaya, amma tukunya biyu.

Abin mamaki, 'ya'yan Eugène uku, Pierre da Robert da Jules, su ma mota ta shiga ransu. Suka nemi yardar baffansu, suka biya shi, suka fara fitar da tasu a 1906 da sunan Lion-Peugeot. Eugène ya rasu a 1907. Armand kuma ya tsufa ba shi da ɗa namiji mai gadonsa. A 1910, bayan shekara 14, gidajen biyu suka koma ɗaya, ragama ta koma hannun Robert, ɗan mutumin da ya ƙi mota. Shekara biyu bayan haka suka buɗe sabuwar ma'aikata a wani ƙauye mai suna Sochaux, inda aka fara ƙera 504 a 1968.