Sabis a Cike, Kira Ba Ya Shiga: Darasi Daga Bilbis

A wani ɗaurin aure da na halarta a Bilbis, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, sai da liman ya jira fiye da rabin sa'a saboda sadaki ya ƙi fita daga wayar wakilin ango. Kuɗin suna cikin asusu, alamar sabis kuma a cike take a fuskar wayar. Daga ƙarshe wani dattijo ne ya ƙirgo tsabar kuɗi daga aljihunsa, aka shafa fatiha. Jama'a na watsewa, saƙon banki ya shigo.

An yi ta dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Da a ce kiran neman ɗauki ne ya maƙale a wannan lokaci, a kan hanyar Gusau zuwa Funtua da kowa ya san halin da take ciki, da ba a yi dariya ba.

Yawancinmu, har da ɗalibaina, muna ɗaukar cewa matsalar sadarwa guda ce: ko akwai sabis ko babu. Alhali biyu ce. Sandunan da ke fuskar waya suna nuna cewa muryar turken sadarwa tana iso ka. Ba su faɗin mutum nawa kuke rabon turken. Kowane turke yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, kamar rijiyar unguwa: ruwan da ya wadaci gida hamsin, idan gida ɗari biyar suka zura guga da asuba, kowa laka zai jawo.

Rijiyoyinmu kuwa an haƙa su ne da lissafin jiya. Tun zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, kamfanoni kan kafa turke gwargwadon yawan mutanen wuri da cinikin da suke hange. Sai rashin tsaro ya kwashe ƙauyuka ya zuba a Gusau da Tsafe da Bungudu da garuruwan bakin titi. Mutane sun ƙaru, harkokinsu kuma sun koma cikin waya: mai POS, da ɗan kasuwar hatsi, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau mai rajistar darussa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har waɗanda ba su so.

Mun ɗanɗani wannan a 2021. A farkon Satumba hukumar NCC ta umarci a rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Mutane suka riƙa ratsa Bilbis zuwa Funtua don kira ɗaya, kafin ita ma a rufe nata. Da aka buɗe na Gusau kaɗai a farkon Oktoba, jiha guda ta rataya a kan turakun gari guda. Na sha danna lamba sau goma a wancan lokaci kafin ta shiga.

Maganin cunkoso sananne ne ga injiniyoyi, kuma ba dogon turke ba ne. Zangon ƙasa-ƙasa, irin su megahaz 800, yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma kayan da yake ɗauka kaɗan ne. Shi ya dace da karkara. Zangon sama, kamar megahaz 3,500 da MTN da Mafab suka saya a gwanjon 5G na Disambar 2021, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa. Don haka wurin taro ƙananan na'urori masu yawa yake so, a jikin gine-gine da turakun lantarki, kowace ta ɗauki nata rukunin. Duk alhajin da ya kira gida daga Mina ya amfana da wannan dabara, har da turakun tafi-da-gidanka da ake girkewa don kwanakin aikin Hajji. Ban ga abin da zai hana a girka irinsu a manyan kasuwanninmu da filayen Idi ba.

Sai dai ƙara guga ba ya ƙara ruwa. Turken da ba a haɗa shi da wayar faiba ta ƙarƙashin ƙasa ba, abin da zai iya ɗauka kan taƙaita; wanda kuma man janaretansa ya ƙare saboda mai kai man yana tsoron hanya, ado ne kawai. A nan aikin ya bar hannun kamfani. Gwamnoni sun amince a 2020 da naira 145 a kan kowace mita ta shimfiɗa faiba, dokar sadarwa ta 2003 kuma ta kafa asusun USPF domin wuraren da riba ba ta kai kamfani. Titin da ya taso daga Funtua ya ratsa Bilbis da Tsafe zuwa Gusau da Bungudu shi ne kashin bayan da ya kamata a fara ƙarfafawa, a tsare shi, a sa wa turakunsa sola.

Abin da nake roƙon Majalisar Dokokin Zamfara shi ne ta gayyaci NCC da kamfanonin, ta nemi alƙaluman kiran da ke yankewa a kowane turke na waɗannan ƙananan hukumomi uku, sa'a bayan sa'a. Alƙaluman suna nan, domin na'urorin da kansu suke tattara su. A buga su a fili, mu ga ko taswirar sabis da ake nuna mana ta san da mutanen da suka kwana a makarantun firamare na Tsafe.