Me Ya Sa Amurkawa Ke Begen Gidajen Gonar Dawaki da Aka Rufe?

A ƙauyukan shaƙatawa na jihar New York, musamman wajen Lake Luzerne da tsaunukan Catskill, an taɓa samun gidajen gona masu yawa da ke saukar da iyalai lokacin hutu. Baƙo ya biya kuɗin mako, a ba shi ɗaki da abinci da doki. Sana'ar ta faro ne daga yammacin ƙasar, inda 'yan'uwan Eaton suka fara karɓar kuɗin baƙi a Dakota wajajen 1882, masu ita kuma suka kafa ƙungiyarsu a 1926. Da tikitin jirgin sama ya yi sauƙi bayan 1978, ga Disney World da aka buɗe a 1971, sai baƙi suka ja baya, alhali doki sai ya ci ko da baƙo ko babu, kuɗin inshora kuma na ta hauhawa, har aka rufe da yawa daga cikin gidajen.

Wasu na cewa ai kwaikwayon rayuwar makiyaya ne kawai, bai cancanci kewa ba. Gaskiya ne, ma'aikacin ofis ba ya zama makiyayi a mako guda. Amma abin da ake bege shi ne haɗuwar. A da, iyalan da suka saba zuwa kan dawo duk shekara, a ci abinci a dogon teburi ɗaya, yaro ya tarar da mai kula da dawakin da ya ɗaura masa sirdi bara, har ya tuna sunan dokin. Masu cewa kasuwa ce ta yanke hukunci sun manta cewa ba baƙi kaɗai suka yi rashi ba: mai sayar da ciyawa da maƙerin takalmin doki da matasan ƙauyen duk a nan suke samun na cefane.