Ka Sa Sabon Batir Amma Mota Ta Ƙi Tashi? Duba Waɗannan Kafin A Taɓa Ƙwaƙwalwarta

Duk wanda ke da mota a yankin Wurno, Rabah da Goronyo ya san yadda zafin Maris zuwa Mayu, wanda kan haura digiri 40, yake cinye batir kafin lokacinsa. Canjin batir ba baƙon abu ba ne. Abin da ke ɗaure wa matasa kai shi ne a ɗaura sabo dal, a murɗa makulli, mota ta yi tsit. An fi ganin haka a motocin gudu da na yayi irin su BMW, Mercedes C300, Lexus IS da Nissan 350Z, domin cike suke da ƙananan kwamfutoci masu magana da juna.

A irin wannan lokaci ne wani zai leƙa cikin bonet ya yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, sai an nemo wata a Sakkwato ko Kano. Kuɗi ne mai yawa, kuma sau tari matsalar ba a can take ba. Mu masu rubuta manhaja idan abu ya lalace, tambayarmu ta farko ita ce: mene ne aka canja daga ƙarshe? A nan amsar ita ce batir, don haka daga kansa za a fara.

Idan ko fitila ɗaya ba ta kawo ba

Wannan na nufin wuta ba ta shiga motar gaba ɗaya. Fara duba kan batirin. Wasu sababbin batura suna zuwa da hular roba a kai, wani cikin sauri sai ya ɗaura waya a kanta. Sannan ka kama kowane kai ka jijjiga. Idan ya juya a hannunka, bai ɗauru ba. Idan akwai farin gari ko tsatsa, a kankare har ƙarfen ya fito fes. Ka bi baƙar wayar nan ta nagetif har inda aka ɗaure ta a jikin mota, domin idan ta saki, tamkar babu batir ne.

Sai kuskuren da ya fi tsada, wato juya waya. Baturan motocin Japan suna da lamba irin 55D23L da 55D23R. Harafin ƙarshe yana nuna ɓangaren da kawunan suke. Girmansu ɗaya, amma idan aka ba ka R a maimakon L, wurin fosetif da na nagetif sun sauya. Ko na daƙiƙa ɗaya wayoyin suka taɓa a juye, babban fis ɗin motar zai iya tsinkewa. A motocin Toyota da Lexus da dama, shi ne wanda aka rubuta wa ALT a akwatin fis na cikin bonet, mai ɗaukar amfiya 100 zuwa sama. Aikinsa ke nan, ya mutu don ya ceci sauran kaya. A saya sabo mai lamba iri ɗaya. Kada ka yarda a naɗa masa waya a ce a lallaɓa, domin idan aka sake samun matsala, wayoyin motar ne za su ɗauki zafin.

Idan fitilu sun kawo amma sai ƙas-ƙas kake ji

Wuta ta shiga, amma ba ta isa juya sitata ba. Sabon batir ba lallai ne ya zo cike da caji ba, musamman idan ya daɗe a shago cikin zafi. Da ƙaramar mita ta masu gyaran waya za ka gane. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe. Idan ya nuna 12.2, kusan rabi ne. Lokacin da ake tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan ta tashi kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta tana caji.

Idan injin yana juyawa amma bai kama ba

Dubi dashbod. In ka ga alamar makulli ko ta mota da kwaɗo tana ƙiftawa, tsarin hana sata ne bai gane makullinka ba. Tun 1998 doka ta wajabta wannan tsari a sababbin motoci a Jamus da Ingila, saboda haka yawancin motocin Beljiyam da ke shigo mana suna da shi. Fita ka kulle motar da rimot, ka buɗe, ka sake gwadawa. Idan mai maɓallin tayarwa ce, ka kusanto da rimot ɗin jikin maɓallin ko ka sa shi a gurbin da kamfani ya tanada. Ka canja ɗan batirin cikinsa, wanda a motoci da yawa CR2032 ne. Idan kana da makulli na biyu, gwada shi.

Wayarka za ta iya tambayar motar

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu shan fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD2. Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake jonawa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Sai ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner ta karanto maka ƙorafin motar. P0562 na nufin wuta ta yi ƙasa. P0513 na nufin ba a gane makulli ba. U0100 na nufin sauran kwamfutocin ba sa jin ƙwaƙwalwar injin, kuma ko a nan fis da wayar da ke kai mata wuta ake fara dubawa kafin a ce ta mutu.

Ka sauke manhajar tun kana inda netiwok ke da ƙarfi, karanta lambobin ba ya buƙatar data. Masu iPhone su nemi na'urar mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin masu arahar nan galibi da Android kawai suke aiki. Ka ɗauki hoton lambobin kafin kowa ya goge su.

Halin wasu motoci na daban

BMW na zamani suna da na'ura a kan nagetif da ke lura da tsufan batir. Bayan canji sai an yi wa sabon rajista, da kwamfutar bakanike ko manhaja irin BimmerLink. Rashin rajistar ba ya hana mota tashi, amma za ta riƙa cajin sabon kamar tsoho, ya mutu da wuri. Haka nan idan motar ta zo da batir nau'in AGM, a mayar mata da irinsa. Nissan da Toyota kuwa wani lokaci sukan tashi su riƙa rawa ko mutuwa a tsaye, saboda sun manta saitin iskar da injin ke sha. Wasu kan daidaita bayan ɗan tuƙi, wasu sai an sake koya musu, an kuma wanke maƙogwaron injin da ƙurar hunturu ta cika.

Abu biyu da za ka hana

Na farko, cire kan batir injin na aiki don a gwada altaneta, ko tayar da mota da batirin aro sannan a sauya tana kunne. Tsohuwar Peugeot 504 ta jure wannan, amma a motar zamani wutar kan yi tsalle ta ƙona kwamfuta. Na biyu, tura mota mai giyar otomatik. Ba za ta tashi da turi ba.

Wajen cirewa nagetif ake fara kwancewa, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Kuma ganin yanayin tsaro a hanyoyin gabashin Sakkwato, a yi canjin batir da safe a cikin gari, a kashe a tayar sau uku ko huɗu, a auna caji, kafin a ɗauki hanyar Goronyo ko Gandi. Sifana mai lamba 10, ƙaramar mita da 'yan fis na ajiya ba za su cika maka but ba.