Kurkuku ko Asibiti? Abin da Fotugal Ta Koya wa Duniya Kan Shaye-Shaye

Da zarar an ce wata ƙasa ta daina kai masu shan ƙwaya kurkuku, sai da yawanmu mu ɗauka an halatta shaye-shaye ke nan, kowa ya sha abinsa. To, abin ba haka yake ba. Mu duba Fotugal, ƙasar da aka fi kafa misali da ita.

A ƙarshen shekarun 1990, hodar hirowin ta addabi Fotugal. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari yana amfani da ita, ga cutar ƙanjamau tana yaɗuwa ta hanyar allurar da masu shaye-shaye ke yi wa juna aro. Kamu da ɗauri sun kasa tsayar da abin. Sai a shekarar 2001 sabuwar doka ta fara aiki: wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, misali giram 25 na tabar wiwi ko giram ɗaya na hirowin, ba a kai shi gaban alƙali. Ana ƙwace kayan, a tura shi gaban wani kwamiti da ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a. Su ne za su tantance ko ya kamu da jaraba, su tura shi magani, ko su ci shi tara, ko su ja masa kunne. Dillali kuwa har gobe kurkuku ne makomarsa.

Me ya biyo baya? Yawan masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura ya ragu sosai, masu zuwa neman magani suka ƙaru, don mutum ya daina tsoron cewa zuwa asibiti zai kai shi hannun 'yan sanda. Amma fa ba dokar kaɗai ta yi aikin ba. Gwamnati ta zuba kuɗi a cibiyoyin jinya. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi tsarin a 2020, sai dai wuraren jinyar ba su wadata da wuri ba, shaye-shaye a tituna ya tayar wa jama'a da hankali, a 2024 aka dawo da hukunci.

Ina ruwanmu? Ai ruwanmu ne tsundum. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabata. A shekarar ce kuma aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Dokarmu dai tana nan: mallakar ƙwaya laifi ne, kuma NDLEA na kamawa.

Darasin a nan shi ne a bambanta mai sayarwa da wanda jaraba ta kama. Jaraba ciwo ce da ke sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, shi ya sa "ka daina kawai" ba ta cika yin tasiri ba. Idan abokin ɗakinka ya fara kwana a aji, kuɗin makarantarsa na tafiya a tiramol, kada ka mai da shi abin gulma a hostel. Ka yi masa magana a keɓe, ka raka shi asibitin makaranta. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma suna karɓar irin waɗannan marasa lafiya. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.