Gayauna kafin gandu: yadda ake fara ɗinkin hannu

Duk wanda ya taso tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san ba a damƙa wa yaro gandu ranar da ya fara zuwa gona. Gayauna ake yanka masa a gefe, 'yan kunyoyi kaɗan, ya shuka gyaɗarsa, ya yi ɓarnarsa, hannunsa ya saba da ƙota. To, ɗinkin hannu ma haka yake, surfani ne ko ɗinkin hula. Yadi shi ne gonar, allura fartanya, zare kuwa iri.

Gandun wannan sana'a shi ne babbar riga mai aska takwas, irin wadda birnin Zariya ya yi suna da ita. A da aikin maza ne, galibi malamai da almajiransu, kuma manyan riguna da zaren tsamiya ake cika su, wanda ake kaɗawa daga saƙar wata tsutsa ta daji. Daga baya, wajen shekarun 1970, matan Zariya suka shigo da ƙarfinsu. Riga ɗaya takan ci watanni. Kai da ka fara jiya, me ya kai ka? Nemi ƙyallen farin yadi mai ɗan kauri, ko rigar filo, ko bakin hular yaro. Gayaunarka ke nan.

Sai huɗa. Ba a shuka sai an ja kunya, ba a kuma soka allura sai an yi zane. Yi da fensir, don tawadar biro ba ta jin wanki. In hannunka na rawa, kai wa masu zanen hula. Sana'arsu ce, kamar dai mai garmar shanu da ake biya ya huɗe gona ya bar maka sauran wahalar. Fara da miƙaƙƙen layi, sannan 'yan gidaje masu kusurwa huɗu. Dagi da tambari, masu lanƙwasa da zagaye, ka bar su sai wata damina.

Iri kuma a tantance shi tun kafin ya shiga ƙasa. Jiƙa zaren ka murza shi a farin ƙyalle, in ya bar launi to mai zuba ne, wankin farko zai ɓata maka aikin wata guda. Zaren surfani na kanti yakan zo da sili shida a murɗe, ka raba ka ɗauki biyu ko uku. Tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Mai kwaɗayin dogon zare don gudun sake zurawa, rabin yininsa a kwance ƙulli zai ƙare.

Yanzu ga shuka, nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ka taɓa lura da mai sara da sungumi? Taki ɗaya, sara ɗaya, ba ya awo amma ramukan kamar an gwada da igiya. Haka ake son sukar allura, kowace ta yi tsawon 'yar'uwarta. Kyan hular kube ko zanna bukar ba a yawan launi yake ba, a wannan daidaiton yake. Jan zaren ma da lissafi. Ka ja da ƙarfi yadi ya tattare, ka sassauta da yawa zare ya yi lilo, ya kama maɓalli ya tsinke.

Kana gama layi, juya yadin ka duba baya. Wuta-wuta tun tana ƙarƙashin ƙasa take shan jinin gero, kafin manomi ya ga furenta ta gama ɓarna. Ƙulle-ƙulle da zaren da ya harɗe a baya haka suke. Gaba fes, amma dillali a kasuwa ciki yake fara leƙawa. In layi ya karkace, warware shi nan take, don ciyawar da aka bari a noman farko ita ke karya ƙugu a maimai.

Batun lokaci kuwa, tambayi masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Ba a tara ban-ruwan mako a kwarara wa tumatir rana ɗaya. Rabin awa kullum a gindin bedi ko bakin zaure, inda haske yake, ya fi yini guda sau ɗaya a wata. Yatsa zai yi zafi, daga baya ya yi kanta, shi ke nan an wuce wurin.

Girbi na zuwa. Hula ta je wurin masu wanki ta sha sitaci ta miƙe, masu saye kuma ba su yanke ba: Sallah, biki, suna, ga ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011. Sai dai aikin farko na ƙanenka ne, ba na kasuwa ba.

Malami kuwa ba wuyar samu. Je inda dattawa ke ɗinki, yi sallama, ka ce, “Baba, kawo in zura maka zaren.” Idon tsoho ya gaji da kafar allura, naka kuwa sabo ne. Kuɗin makarantar ke nan, sauran sai kallo da tambaya.